Tsagar Dutse da Shaidar Yumɓu

Kwanan baya wani daga cikin samarin da ke aikin duba ƙasa yanzu ya ce mini, cikin raha, wai aikinmu na zamanin da yawo ne kawai: a hau raƙumi, a ƙwanƙwasa dutse da guduma, a dawo gida a sha fura. Ban yi masa gardama ba. Su suna da mota, suna da injin da ke huda ƙasa, suna da hoton ƙasar da aka ɗauko daga jirgi. Amma tunda su ne za su gaji aikin, zan faɗi yadda yake. Zan kuma faɗe shi ta kan ƙauye guda da ke zaune a ƙarƙashin wani dutse a bakin kwarin Dallol, wanda na yi shekaru masu yawa ina ƙoƙarin ganin dutsen bai faɗo a kan mutanensa ba.

Sunana Alzuma. Ba da guduma na fara ba, da dagi na fara, wato ƙarfen da ake sarar ƙasa da shi a cikin rijiya. Maigidana shi ne Baba Gado, maginin rijiya, wanda ya yi aiki tun daga Tabla har rijiyoyin makiyaya na arewa wajen Abala. A cikin kwarin Dallol ruwa kusa yake, mutum kan tona tsayinsa biyu ko uku ya same shi, amma yashi ne, yana rushewa. A kan fakara, wato tudun marmara da ke sama, ƙasa tana riƙe kanta, sai dai ruwa yana can nesa, inda rana takan zama kamar bakin ludayi idan ka ɗaga kai. Kowanne da irin mutuwarsa. Kayan aikinmu dagi ne, da kwando, da igiyar kaba, da fitilar mai da ake fara saukarwa kafin mutum. Idan wutar ta mutu a ƙasa, ranar ba a shiga.

Rijiyar farko da Baba Gado ya bar ni na sauka ni kaɗai tana kusa da Damana. Kafin na kama igiya ya ce, "In ka ji ƙasa tana zubo maka ga wuya awa gishiri, kada ka ɗaga kai ka duba mi na na. Ja igiya." Na ce to. Ina cikin sara sai na ji abin a wuyana, ɗan kaɗan, bai fi abin da za a barbaɗa a miya ba. Na ja igiya. Da suka fito da ni, mutanen gari suka yi ta dariya, domin babu abin da ya rushe, kuma rijiyar tana nan har yau. Baba Gado bai yi dariya ba, bai kuma yaba mini ba. Ya ce in sha ruwa in koma. Daga baya na gane cewa aikin duka ke nan: ka ja igiya, a yi maka dariya, ka koma.

Aikin tilas ne ya kai ni hannun gwamnati. A lokacin barikin Nasara na Filinge bai daɗe da kafuwa sosai ba, dattawa suna tuna ranar da soja suka fara shigowa ƙasarmu ta Kurfai. Aka ce kowane gari ya ba da mutane, ni aka ba da ni domin a ƙara zurfin rijiyar bariki. Ina cikin wannan sai wani Bafaranshe ya zo, ba soja ba, ba kuma kumandan mai mulkin bariki ba. Aikinsa ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar. Yana neman wanda zai sauka rijiyoyi ya ɗebo masa ƙasa hawa-hawa, ba tare da ya cuɗa ta ba. Aka nuna ni. Mutane suka sa masa suna Lashi-Dutsi, saboda idan ya fasa dutse sai ya lashi fuskar ya duba. Ba hauka ba ne. Jiƙaƙƙen dutse ya fi nuna ƙwayoyinsa, kuma harshe yana bambance yumɓu da yashi fiye da yatsa. Ni ma har yanzu ina yi, jikokina suna kawar da kai.

Kayansa ba su da yawa. Guduma mai baki biyu, ɗaya na duka ɗaya na sara. Ɗan gilashi mai ƙara girman abu, a rataye a wuya. Allurar da ke nuna arewa. Igiya mai ƙulle-ƙulle ta awon zurfi. Ƙananan jakunkunan ƙyalle. Sai wata 'yar kwalba da ake ɗiga ruwanta a kan dutse, idan ya yi kumfa to farar ƙasa ce. Ya koya mini sunayen duwatsu da harshensu, na koya masa yadda ake sanin yashin da zai rushe daga ƙarar dagi. Mutum ne mai haƙuri da dutse, maras haƙuri da mutane, kuma zazzaɓi bai bar shi ya huta ba.

Waɗanda muke yi wa aiki iri biyu ne. Akwai gwamnati, wadda ke son sanin inda za ta bi da hanya, inda za ta sami dutsen gini, da inda za ta tona rijiya a kan turbar shanu. Sai kuma mutanen ƙauyuka, waɗanda ba su kira mu ba. Maginin rijiya ana zuwa gidansa da goro. Mai duba ƙasa na gwamnati kuwa, da an hango shi sai a ɓoye samari da awaki, domin duk inda ya tsaya ya auna, bayansa aikin tilas ke zuwa. Na sha neman ruwan sha a garin da na taɓa gina wa rijiya, a ce mini mai guga ba ya nan.

Akwai wata tambaya da Lashi-Dutsi yake sa ni in yi wa tsofaffi a kowane gari. Shi ya taɓa aiki a wata ƙasa ta bakin teku inda ƙasa kan girgiza ta rushe gari, don haka yana son sanin ko ta taɓa motsi a nan. Sai in zauna gaban dattijo in ce, "Baba, tun tasowarka, ƙasa ta taɓa motsi?" Wani tsoho a Tabla ya dube ni ya ce, "Ta motsa mana. Da nan gonata ta, yanzu ta kumandan ta." Ban fassara wannan ba. Amma akwai waɗanda suka ba da amsa ta gaskiya. Wata tsohuwa ta ce tana yarinya ƙoren da ke rataye sun taɓa yin ƙara su kaɗai da rana tsaka, kaji suka watse, washegari ruwan rijiya ya yi ja. Mun ji irin wannan a wurare da ba su san juna ba. Lashi-Dutsi ya ce girgizar nan ƙarama ce, daga nesa take zuwa, ba za ta rushe ɗakin kara ba. Abin tsoro shi ne dutsen da ya riga ya gaji da tsayuwa, wanda ɗan turi kaɗan zai ishe shi.

Irin wannan dutsen muka samu a kan ƙauyen da ake kira Gindin-Dutsi. Ba za ku same shi a takardunku ba. Ƙauyen azna ne, masu bin addinin kakanni, gidaje kaɗan da rumbuna a manne da jikin gangaren Dallol. Sun zaɓi wurin da hankali. Dutsen yana ba su inuwa da yamma, ya tare su daga mahara a zamanin yaƙi, kuma a gindinsa akwai rijiya maras zurfi wadda ba ta ƙafewa. Wannan ruwan shi ne matsalar. Saman gangaren marmara ce mai tauri, tsakiyarsa dutsen yashi, ƙasansa kuwa yumɓu, kuma ruwan da ke tsattsafowa yana cin yumɓun a hankali. Da muka hau sama muka tarar da tsaga ta bi bayan wani katafaren ɓangare, ta raba shi da uwar dutse. Faɗinta bai wuce yatsa biyu ba. Lashi-Dutsi ya jefa tsakuwa a ciki, muka daɗe muna jin tana gangarawa.

Tsaga ba ta isa a ta da gari ba. Wata takan yi ɗaruruwan shekaru yadda take. Abin da ake so a sani shi ne ko tana buɗewa. Hanyar sanin haka ita ce abin da muke kira shaida. Ana kwaɓa yumɓu zalla, ba a sa masa komai, a shimfiɗa shi siriri a gicciye a kan tsagar, kamar gada, gefe ɗaya a kan uwar dutse, ɗaya a kan ɓangaren da ake zargi. Sai a kifa masa guntun tukunya don ruwan sama. Idan dutse bai motsa ba, shaida tana nan. Idan ya motsa ko da kaurin gashi ne, sai ta tsage. Su Nasara da wani farin gari suke yin ta a ƙasarsu, mu ba mu da shi, siminti kuwa na bariki ne. Muka sa shaida, Lashi-Dutsi ya danna bakin gudumarsa a jikinta ya bar alama, muka sauko.

Abin da ba mu sani ba shi ne abin da aka faɗa a ƙasa muna sama. Duk inda za mu, akwai gardi tare da mu, wato ɗan sandan bariki mai jar hula. Wannan gardin ya tara mutanen gari ya yi musu bayani irin nasa. Ya ce abin da Nasara ya ɗora a kan dutse kayan gwamnati ne, ranar da aka zo aka tarar ya lalace, laifin yana wuyansu. Ba su buƙaci ƙarin bayani ba. Kowa ya san garin da aka sami turken awon gwamnati a karye a gonarsu, aka kwashe mazajensu zuwa aikin hanya ana tsakiyar noma.

Ba da daɗewa ba zazzaɓi ya ci ƙarfin Lashi-Dutsi, aka ɗauke shi a kan gadon kara zuwa bakin kogi, bai dawo ba. Ya bar mini guduma da gilashi. Aka maida ni ƙarƙashin ofishin ayyuka na Filinge, aka ce in ci gaba da zagayen rijiyoyi da gangare. Zagayen yana da tsawo, Gindin-Dutsi kuwa sai bayan damina nake isa. Kowace shekara in hau, in ɗaga guntun tukunya, in tarar da shaida lafiya lau, sumul, da alamar guduma a jikinta. In sauko, Maigari Arzika ya tarbe ni da ruwa. Dattijo ne mai yawan murmushi. Yakan ce, "Ɗan Nasara, ka iske kayanku lahiya?" In ce lafiya. Ya ce, "Madalla. Ka hwaɗa ma kumandan muna kula." Ni kuma in ɗauka gaisuwa ce. In koma Filinge in ce dutse bai motsa ba.

Sai shekarar fara. Waɗanda suka gan ta ba sa son maganarta, ni ma zan taƙaita. Fara ta sauka gero yana fara ƙwaya, ta bar kara tsaye. Ba a rage haraji ba, ba a dakatar da aikin hanya ba. Mutane suka koma cin anza ta daji, wadda sai an jiƙa ta kwanaki kafin ɗacinta ya fita, sannan suka koma ƙaiƙayi da dusa, sannan suka fara tafiya kudu. A zagayen shekarar na ga rijiyoyi cike da ruwa babu mai ƙarfin jan guga. Raƙumin gwamnati da nake hawa ma ya mutu, na ƙarasa da ƙafa.

Da na isa Gindin-Dutsi babu wanda ya tarbe ni. Na hau, na ɗaga guntun tukunya, na tarar da shaida a tsage gida biyu. Wannan bai ba ni mamaki ba, don haka aka sa ta. Abin da ya tsayar da ni shi ne bakin karayar. Shaidar da muka sa ba ta fi kaurin ganye biyu ba. Wannan kuwa ta kai kaurin tafin hannu, kuma hawa-hawa take, yaɓe a kan yaɓe, kamar bangon tsohon rumbu. Na sa gilashi. A cikin kowane hawa akwai ƙaiƙayin gero da kashin jaki, irin haɗin da ake yi don kada yumɓu ya tsage. Can ƙasa na ga namu, yumɓu zalla, a karye tun tuni. Na share gefen tsagar na zura hannu. Inda yatsa biyu ke shiga da ƙyar, hannuna ya shige har wuyansa.

Ina saukowa na tarar da Maigari Arzika yana jirana a bakin hanya, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Kafin in yi magana ya durƙusa. Dattijo ne da ya haife ni.

"Alzuma, don girman iyayenka, kada ka kai magana. Gomma ba ta da lahiya, yunwa ta kada ta, shi ya sa ba ta hau ba bana. Ka ba mu kwana biyu, za a gyara."

"A gyara mi, Baba?"

"Kayan gwamnati. Kullum in ya tsage muna gyarawa. Ba mu taɓa bari ya kwana biyu a tsage ba, sai bana."

Na ce ya kai ni wurin Gomma. Inna Gomma ita ce mai yaɓen rumbunan garin, kuma maginiyar tukwane. Na same ta a kwance a inuwar ɗaki, ƙafafunta sun kumbura. Na gaishe ta, na tambaye ta tun yaushe take gyaran shaida. Ta ce tun daminar farko. Na ce sau nawa a shekara. Ta ce da dai sau ɗaya ne, daga baya sau biyu, bara kuwa ta gaji da hawa. Na ce alamar guduma fa? Ta ɗaga wani guntun ƙarfen fartanya da ke gefenta. Duk da halin da take ciki sai da ta yi murmushi.

"Aikinku bai da kyau, ɗana. Wa ka yin yaɓe babu ƙaiƙayi? Nasaran nan bai iya ba, kai ma ba ka iya ba. Ni dai na rufa muku asiri."

Na zauna a ƙasa na yi musu bayanin da ya kamata a yi tun ranar farko. Na ce shaida don ta tsage aka yi ta. Na ce tsagewarta ba laifi ba ne, magana ce, dutse ne ke cewa yana tafiya. Na ce abin da Inna ta faɗa mini yanzu, sau ɗaya, sau biyu, sannan ba adadi, yana nufin tafiyar tana ƙara sauri. Can Inna Gomma ta ce, "To in ta tsage in bar ta?" Na ce ki bar ta. Ta ce, "Wanga aiki naku na banza na."

Na roƙi Maigari su tashi da kansu, su koma kan tudun yashi da ke tsakiyar kwari, nesa da gangare. Ya ce da wane ƙarfi. Gaskiyarsa. Tashin gari yana nufin sare itace, da ɗaukar jinka, da sabuwar rijiya, a shekarar da mutum ba ya iya ɗaga tulu. Akwai kuma wani abu. A gindin dutsen akwai wurin da suke zuba fura da jinin baƙin bunsuru kafin shuka, ga mai dutsen, wanda suka ce shi ya ba kakanninsu wurin zama. Tsohon da ke kula da wannan ya ce mini, "Mun san shina motsi. Numfashi shikai. Mu da shi akwai alkawari." Na tambaye shi ko alkawarin ya haɗa da yaran da ke kwana a ƙarƙashinsa. Ya ce su ne na farko a cikin alkawarin.

Ga abin da samarin yanzu ya kamata su ji da kyau. Ba wanda zai iya faɗa muku ranar da dutse zai faɗo. Ni ban sani ba, Lashi-Dutsi ma da yana nan bai sani ba. Yana iya zama daminar nan, yana iya kai wa jikoki. Idan na yi shiru, suna da inuwarsu da rijiyarsu a shekarar da ba su da komai sai su. Idan na kai magana, kumandan ba zai lallashe su ba, masu jar hula zai turo. Na kai magana.

Masu jar hula suka zo, aka ta da garin ana tsakiyar rani. Na nemi a bar ni in gina musu rijiya a sabon wurin, aka bar ni, na koma dagi da kwando kamar zamanin Baba Gado, da mutum uku da ke iya tsayuwa. Yashi ne, sai da muka yi ta kafa itace yana rushewa. Kafin mu sami ruwa mata suna komawa tsohuwar rijiya. Mutane sun mutu a sabon garin a wannan rani, tsohon mai kula da dutse yana cikinsu, kuma ba wanda ya gaje shi. An mutu a kowane gari a shekarar, waɗanda aka tasa da waɗanda ba a tasa ba. Amma a Gindin-Dutsi an san wanda za a nuna.

Dutse kuwa bai faɗo ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Gero ya dawo, yara suka girma. A kasuwar mako idan na ratsa, sai in ji daga rumfar mahauta, "Alzuma, ina labarin dutsinka? Ko in zo in tura maka shi?" Wani ya ce in kai ƙarar dutsen wurin kumandan, ya ƙi bin umarnin gwamnati. A ofis ma sabon Nasaran da aka kawo ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata yana motsi, ban tabbata da rana ba. Ya ɗaga kafaɗa. Mutanen garin ba su maida gidajensu ba don tsoron bariki, amma ruwan sabuwar rijiya yana da ɗanɗanon kanwa, don haka kowace safiya mata sukan yi jerin gwano zuwa tsohuwar, su ɗebi ruwa, su zauna hira a inuwa. Na yi magana har na daina.

Mutum ɗaya ce ta canja, ita ma ba don ta yarda da ni ba. Inna Gomma ta warke, kuma ta ƙi barin hawa dutse. Ta ce ƙafarta ta saba. Na koya mata sa sabuwar shaida kusa da wadda ta karye, ba a kanta ba, ta bar karyayyar yadda take. Duk zuwana sai ta jera mini su tana tsaki. "Ga ɓarnarka nan. Wagga ta kai kasuwa bakwai, wagga ko kasuwa biyu ba ta kai ba." Ban taɓa samun ma'aikacin da ya kai ta ba, kuma gwamnati ba ta san da ita ba.

Girgizar ta zo a wata damina mai yawan ruwa, da hantsi. Ina Filinge a bakin ofis. Ba wani abu ba ne, kwanon rufi ya yi ƙara kamar an watsa masa tsakuwa, ruwan randa ya kaɗa, jakuna suka yi kuka, shi ke nan. Wasu ma ba su ji ba. Na nemi doki na kama hanya, amma kwari ya cika da ruwa, sai washegari da la'asar na isa. Abin da ya faru kafin isowata, a bakin mutane na ji shi.

Da ƙasa ta motsa, Inna Gomma ta hau. Ta tarar da shaidar da ta sa kwana kaɗan kafin nan ba ta tsage kawai ba, rabinta ya faɗa cikin ramin. Ta sauko ta zauna a tsakiyar turbar da ke zuwa tsohuwar rijiya da taɓarya a hannu. Washegari da safe mata suka zo da tuluna, ta ce ba mai wucewa. Suka yi mata ba'a. Wata ta ce, "Inna, ke ma Nasara ya ba ki hula?" Ta ce, "Hula ko ba hula, wadda ta matso in hwasa mata tulu, kuma ba ni gina mata wani." Ita kaɗai ce maginiyar tukwane a garin. Suka koma suna zaginta, suka sha ruwan kanwa. Rana ta ɗaga kaɗan dutse ya faɗo. Sun ce ƙarar ta kai Damana, ban sani ba. Abin da na gani shi ne babu tsohon gari, babu rijiya, babu wurin zuba fura. Tarin duwatsu ne ja, wasu sun fi ɗaki girma, ƙura tana kwance a kan ganyen gero har tsakiyar kwari. An rasa awaki da ke kiwo a kangon. Ba a rasa mutum ba.

Maigari Arzika yana tsaye a gefen tarin da sandarsa, ya tsufa ƙwarai. Na gaishe shi. Ya ce, ba da faɗa ba, "Ka gani, Alzuma? Tun da kunka tashe mu ba wanda ya ba shi haƙƙinshi. Da muna nan muna zuba mishi, da bai hwaɗo ba." Mutanen da ke wurin suka gyaɗa kai. Har ya rasu haka ya yi imani, kuma jikokinsa haka suke ba da labarin: gwamnati ta raba su da dutsensu, dutse ya yi fushi.

Don haka idan kuka je wani gari da kayan awonku, kafin ku ɗora komai a kan dutse ko a bakin rijiya, ku zauna a ƙasa ku faɗa wa mutane mene ne shi da abin da ake so ya yi. Ku faɗa da bakinku, kada ku bar wa direba ko mai rakiya. Kada kuma ku jira godiya, ba ta cikin aikin. Idan kun yi daidai, abin da za a gani shi ne ba abin da ya faru da kowa.

Washegarin faɗuwar dutsen na shirya hawa, domin idan ɓangare ya faɗi, wanda ke bayansa ya zama na gaba, kuma akwai gonaki a ƙarƙashinsa. Inna Gomma ta ce gwiwarta ta ƙare a hawan shekaranjiya, ba za ta ƙara ba. Amma ta aika aka kira ni ƙofar ɗakinta. Ta miƙo mini ƙwarya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Na buɗe, yumɓu ne, an tace shi an kwaɓa shi da kyau. Na mutsuka shi a yatsa, na ɗan lasa. Babu ƙaiƙayi, babu kashin jaki.

"Tun da nike ban taɓa kwaɓa yumɓu don shi tsage ba," in ji ta. "Ka shimfiɗa shi siriri. Kada ka ba ni kunya."

Na ɗauki ƙwaryar da guduma na hau. Sabuwar tsagar tana nan inda na zata, ba ta fi kaurin kara ba.